Na sayi littafin manɗiƙi na hannu, manhajar jinga ta ƙi karɓar lambata

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a wata jami'a a Amurka, ina karanta kimiyyar kwamfuta. Wannan zangon an wajabta mana kwas ɗin manɗiƙi na masu farawa, malamin kuma ya ce dole kowa ya mallaki littafin Language, Proof and Logic, domin da manhajar da ke tare da shi za mu riƙa miƙa jinga. Da na ga kuɗin sabo a kantin makaranta, na buga lissafinsa da naira, sai gabana ya faɗi. Wata yayarmu 'yar gida da ta yi kwas ɗin bara ta sayar mini da nata a rabin kuɗi, tsaf da shi, har da lambar rajista a ciki. Jiya na zo yin rajista aka ce lambar tana da mai ita. Ranar Juma'a za a rufe karɓar jingar farko. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta sayi sabo, ta ce in riƙa yin aikina a kwamfutarta, ita kuma ta tura mini da lambarta. Kuɗin da Baba ya turo sun kusa ƙarewa, ina jin nauyin sake tambayarsa, ina kuma jin kunyar tunkarar wadda ta sayar mini. Akwai hanyar da za a sake buɗe lambar? In babu, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu.

Bari mu fara da amsar da ba za ta yi miki daɗi ba, don kada ki ƙarar da kwanakin da suka rage wajen neman abin da babu. Lambar nan ba za ta koma sunanki ba. Ba matsalar intanet ba ce, ba kuma kuskuren rubutu kika yi ba. Haka masu littafin suka tsara ta tun asali: lamba ɗaya, mutum ɗaya, ba a sayar da ita, ba a gadonta. Tamkar katin waya ne da aka riga aka kankare aka loda. Takardar tana nan lafiya lau, lambobin ma ana iya karantawa, amma kuɗin cikinta sun tafi.

Ya kamata ki san abin da kuɗin sabon yake saya, domin a nan ɗalibai da yawa suke ruɗewa. Jon Barwise da John Etchemendy ne suka rubuta littafin, ya fara fitowa a 1999, bugu na biyu ya fito a 2011 tare da Dave Barker-Plummer, daga maɗaba'ar CSLI ta Jami'ar Stanford. Manhajoji huɗu ne ke tafe da shi. Tarski's World shi ne wanda ake jera wasu siffofi manya da ƙanana a kan faifai mai gida-gida irin na dara, a rubuta jimloli da alamomin manɗiƙi, a duba ko gaskiya ne ko ƙarya a cikin wannan 'yar duniyar. Fitch na kafa hujja ne mataki bayan mataki, daga abin da aka ba ki zuwa abin da ake so ki tabbatar. Boole na zana jadawalin gaskiya da ƙarya ne. Na huɗun, Submit, ba ya koyar da komai. Aikinsa ɗaukar fayilolinki ya kai su ga wata na'ura da ke can hannun masu littafin, mai suna Grade Grinder, ita kuma ta duba, ta aiko miki da sakamako ta imel, ta aika wa malami idan kin umarce ta. Wannan dubawar ita ce tsadar. Ita lambar rajista take buɗewa, kuma wanda ya fara yin rajista da lambar, da sunansa da imel ɗinsa take ɗaurewa. Abin da kika saya a hannun yayarki takarda ce kawai. Takardar tana da amfani, za mu zo kanta, amma ba ita malaminku yake nufi ba da ya ce dole.

Buɗe littafin ki dubi gefen tambayoyin da ke ƙarshen kowane sashe. Za ki ga wasu da alamar kibiya, wasu da alamar fensir, wasu da duka biyun. Masu kibiya su ne ake turawa ta Submit, masu fensir ana rubuta su a miƙa wa malami kai tsaye. Ɗauko takardar tsarin kwas ɗin da aka raba muku a makon farko, ki bi lambobin jingar da ya lissafa. Idan yawancinsu masu kibiya ne, kuma ya rubuta adireshin imel da za a riƙa sa wa a Submit, to babu makawa sai kin mallaki lamba taki. Akwai malaman da ke amfani da littafin amma su karɓi fayiloli ta shafin makaranta su duba da kansu. Bisa abin da kika rubuto, naku ba ya cikinsu, sai dai tambaya ba ta ɓata komai.

Tayin ƙawarki kuwa, ki gode mata ki ƙi. Niyyarta kyakkyawa ce, amma abin da zai biyo baya zai cutar da ku duka biyu. Duk abin da aka tura da lambarta, da sunanta zai isa wurin malami, don haka makinki ba zai taɓa shiga rajistarki ba. Wannan ma ƙaramar matsalar ce. Babbar ita ce, manhajojin nan suna barin wata shaida a cikin kowane fayil, ta lokacin da aka ƙirƙire shi da lokutan da aka adana shi, Grade Grinder kuma yana riƙe da tarihin fayilolin da aka taɓa turo masa. Idan fayiloli biyu daga mutane biyu suka fito daga tushe ɗaya, yana ganewa, yana kuma rubuta wa malami a cikin rahoto. Ba sai kun yi niyyar satar amsa ba. Ya isa a ce kin buɗe fayil ɗinta don ki ga yadda ake farawa, kika goge amsarta, kika rubuta taki, kika canza masa suna. Amsar taki ce, amma shaidar ta nuna fayil ɗinta ne. A jami'o'in Amurka zargin maguɗi ba a gama shi tsakanin ɗalibi da malami kaɗai. Sau da yawa ana kai shi ofishin ladabtarwa, ya shiga fayil ɗin ɗalibi. Ga wadda take zaune da bizar karatu, wannan kasada ce da ta fi kuɗin littafi nesa ba kusa ba. Haka nan idan yayar taki ta ce bari ta ba ki tsofaffin fayilolinta na bara don rage miki asara, ko ta ba ki imel ɗinta da lambar ki ci gaba a matsayinta, kada ki karɓa. Fayilolin bara suna cikin tarihin na'urar.

Karatu tare ba laifi ba ne, gwargwadon abin da malamin ya halatta. Ku zauna da takarda da biro ku tattauna, sannan kowa ta koma kwamfutarta ta buɗe nata fayil ɗin da hannunta.

Yanzu abin yi, kuma yau za ki fara, ba daren Alhamis ba. Rubuta wa malamin imel gajere. Ki gaya masa kin sayi littafi na hannu, kin tarar an riga an yi rajista da lambar, kina shirin sayen sabuwa, ki haɗa da hoton saƙon da aka nuna miki. Sannan ki tambaye shi abu uku: ko zai ƙara miki kwana biyu ko uku a kan wa'adin jingar farko, ko ya karɓi fayilolin ta imel a wannan karon; ko ya amince da bugun da ake saukewa ta intanet maimakon na takarda; da kuma ko sashen yana da wani taimako ga ɗaliban da kuɗin littafi ya fi ƙarfinsu. Kada ki cika shi da dogon ban haƙuri. Duk malamin da ya koyar da wannan littafi fiye da zango ɗaya ya saba ganin irin wannan saƙon a makon farko, kuma abin da yake bambanta wanda ake ɗaga wa ƙafa da wanda ba a ɗaga wa ba, galibi shi ne ko ya yi magana kafin wa'adi ya wuce ko bayansa. Idan kwas ɗin yana da mataimakin malami, ki sa shi a cikin saƙon, domin sau da yawa shi yake riƙe da rajistar jinga.

Abin da ya dace ki saya shi ne bugun intanet, daga shafin masu littafin kansu. Yawanci malamai suna sa adireshin a takardar tsarin kwas. Ki bi wannan, kada ki dogara da abin da bincike ya fara jefo miki. Bugun intanet ya ƙunshi littafin gaba ɗaya a matsayin fayil na karantawa, da manhajojin huɗu, da littafin jagora na yadda ake amfani da su, da sabuwar lambar rajista. Babu jiran ɗan aike, babu kuɗin kawowa, kuma yawanci ya fi na takarda sauƙin kuɗi. Tunda kina da takarda a hannu, wannan shi ne daidai gurbin da ya rage miki. Tsohon littafin ma zai yi miki rana: karanta dogon bayani a kan allon kwamfuta alhali Fitch yana buɗe a gefe yana gajiyar da ido, kuma idan malaminku yana barin a shiga jarrabawa da littafi, na takarda ake bari, ba kwamfuta ba.

Kafin ki biya, duba abu biyu. Na farko, shiga shafin kuɗin makarantarki ki karanta abin da aka caje ki a wannan zangon layi-layi. Jami'o'in Amurka da yawa suna da tsarin da suke haɗa kuɗin littattafan wasu kwasa-kwasai a cikin kuɗin makaranta kai tsaye, su ba ɗalibi damar ficewa kafin wata rana da suka tsayar. Da wuya wannan ya shafi littafinku tunda malamin ya ce ku saya, amma minti biyar ne, kuma akwai ɗaliban da suke biya sau biyu saboda ba su duba ba. Na biyu, tabbatar da bugun. Tun dokar ilimi mai zurfi ta 2008, ana buƙatar jami'o'in da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayyar Amurka su nuna lambar ISBN, wato lambar shaidar kowane bugun littafi, da farashin littattafan da aka wajabta a jadawalin kwasa-kwasansu na intanet, gwargwadon iko. Gwada lambar da ke jadawalin da wadda ke bayan littafinki. Idan na hannunki bugun 1999 ne, to kada ki yi aiki da lambobin shafi ko na tambayoyinsa sai kin gwada su da sabon. Ki bi na intanet ɗin da za ki saya.

Za ki ga tallace-tallace masu rahusa a shafukan sayar da littattafai: "kamar sabo", "da faifansa", "ba a taɓa rubutu a ciki ba". Babu ɗaya daga cikin waɗannan kalmomin da yake nufin lambar tana raye. Faifan CD yana iya kasancewa a ciki alhali lambar ta mutu tun shekaru, ga shi kuma yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da wurin sa faifai. Littafin haya ma haka yake, masu ba da haya ba sa lamunce lambar. Mafi muni shi ne sayen lambar ita kaɗai daga hannun wani mutum a dandalin sada zumunta, domin babu yadda za ki gwada ta kafin ki biya, kuma idan ta ƙi, ba ki da wanda za ki kama. An riga an sare ki sau ɗaya a wannan ramin. Idan kuma kika zaɓi sabo na takarda daga kantin makaranta, ki tabbata ledarsa ba a yage ba, ki tambayi ƙa'idarsu ta mayar da kaya kafin ki biya, domin kantuna da yawa ba sa karɓar irin wannan littafin da zarar an buɗe shi.

Wajen biya, yi amfani da katin bankinki na Amurka idan kina da shi. Katunan naira suna yawan ƙin wucewa a shafukan waje, ko saboda iyakar da banki ya sa, ko saboda adireshin da ke kan katin bai dace da wanda aka rubuta ba, kuma wani lokaci a riƙe kuɗin kwanaki kafin su dawo. Rubuta imel ɗinki da natsuwa, harafi ɗaya ya kuskure lambar ta tafi wani wuri. Idan saƙon bai iso ba, leƙa akwatin tarkace kafin ki sake biya. Ajiye rasit.

Maganar kuɗi. Tallafin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka ba ya shafar ɗalibai masu bizar karatu, don haka kada ki ɓata lokaci a wannan layin. Inda za ki je shi ne ofishin ɗaliban ƙasashen waje da ofishin shugaban harkokin ɗalibai. Jami'o'i da yawa suna da ɗan asusun gaggawa ko takardar sayen littafi, kuma ba a cika tallata su ba, sai wanda ya tambaya. Idan wata hukuma ce ta ɗauki nauyin karatunki, karanta takardar yarjejeniyar, akwai masu mayar da kuɗin littattafai idan an kawo rasit. Ɗakin karatun jami'a kan ajiye littattafan kwasa-kwasai a ba da aronsu na sa'o'i kaɗan, amma wannan takarda ce, ke kuma ba takarda kika rasa ba.

Idan waɗannan ba su yi ba, ki gaya wa Baba. Mun fahimci nauyin da kike ji, duk wanda ya san yadda ake tara naira a mayar da ita dala ya san abin da kike nufi. Amma ki auna: kuɗin kwas ɗaya a jami'ar Amurka ya ninka kuɗin wannan lambar sau da yawa, kuma an riga an biya shi. Kwas ɗin da jinga take da kaso mai tsoka a makinsa ba a cinsa ba tare da miƙa jinga ba. Ajiye kwas ɗin ma ba mafita ba ce mai sauƙi, domin ɗalibin digirin farko mai bizar karatu ta F-1 dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a zango, kuma saukowa ƙasa da haka ba tare da izinin ofishin ɗaliban waje ba yana taɓa matsayinsa na zama a ƙasar. Mahaifin da ya kai ki Amurka zai fi son jin adadi ƙarami yau a kan jin an maimaita kwas a ƙarshen shekara. Ki faɗa masa adadin daidai, da abin da ya faru, a jimla uku.

Ita kuwa yayar taki, a ganinmu ki fara da kyautata zato. Ta san ta yi rajista da lambar bara, wannan babu shakka, amma ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa idan zango ya ƙare lambar tana sakuwa, ko kuma sun manta da ita gaba ɗaya. Ki same ta ita kaɗai, ba a cikin zauren WhatsApp na 'yan gida ba. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki nuna mata saƙon a wayarki, ki ce: "Yaya, ashe lambar nan ba ta yi wa mutum biyu, sai na sake sayen wata." Ki tsaya nan ki ji abin da za ta ce. Mai mutunci za ta riga ki kawo maganar kuɗi. Idan ba ta kawo ba, ki ba ta zaɓi: ko ki mayar mata da littafin ta mayar miki da kuɗinki, ko ki riƙe shi ta rage miki wani abu, tunda takarda marar lamba ba ta kai rabin kuɗin sabo ba. Wannan ba rashin kunya ba ne. Ciniki da aka gano aibi a cikinsa bayan an ƙulla, shari'a da al'ada duk sun ba mai saye damar komawa. Idan ta ƙi, ki bar ta, amma kada ki jira kuɗinta kafin ki sayi lambar. Juma'a ba za ta jira sulhunku ba.

Sayen lambar rabin aikin ne. Mafi yawan makin da ɗalibai ke rasawa a makonnin farko na wannan littafi ba don sun kasa manɗiƙi ba ne, sai don ƙananan abubuwa na manhajar, don haka bari mu ɗan tsaya a nan.

An gina manhajojin ne don kwamfuta mai Windows, Mac ko Linux, ba don waya ba. Idan taki ta ƙi ɗauka, tambayi sashen ko an sa su a ɗakin kwamfutocin makaranta. Wajen rajista, rubuta sunanki yadda yake a rajistar jami'a, ba laƙabin gida ba, ba kuma wata rubutawar daban ba. Idan takardunki sun ce Khadijat kada ki sa Hadiza, domin mai shigar da maki da jerin sunaye yake aiki. Yi amfani da imel ɗaya daga farkon zango har ƙarshe, zai fi kyau na makaranta. Imel ɗin malami kuwa ki kwafo shi daga takardar tsarin kwas, kada ki rubuta daga ka, kuma ki lura ko nasa ne ake so ko na mataimakinsa.

A gabatarwar littafin akwai wani fayil na gwaji mai suna World Submit Me 1, an yi shi ne kawai don ki gwada turawa. Ki tura shi a ranar da kika sayi lambar. Idan rahoto ya dawo miki ta imel, komai ya zauna. Idan bai dawo ba, gara ki sani ranar Talata.

Lokacin turawa, Submit zai tambaye ki wa za a aika wa rahoton: ke kaɗai, wato Just Me, ko har da malami, wato Instructor Too. Wannan ita ce babbar garaɓasar kuɗin da kika biya. Za ki iya tura wa kanki sau da yawa, ki ga inda kika kuskure, ki gyara, ki sake turawa, malami bai ga ko ɗaya ba. Amma a nan kuma tarkon yake: ɗalibi ya tura wa kansa, ya ga komai daidai, ya rufe kwamfuta ya kwanta, alhali malami bai sami komai ba. Turawar ƙarshe dole ta zama mai haɗawa da malami. Kuma ki tambaya ko yana karɓar turawa fiye da ɗaya, domin wasu ta farkon da ta iso musu kaɗai suke ƙirgawa.

Sunan fayil ba ado ba ne. Na'urar da suna take gane wace tambaya kike amsawa. Hujjar tambaya ta 2.17 sunanta Proof 2.17, duniyar da kika gina World ce da lambar tambayar, jimloli Sentences, jadawali Table. Idan kika sa masa "jingata ta farko" ko kika rubuta lambar wata tambayar, za a auna amsarki da ma'aunin da ba nata ba, ko a ce ba a gane fayil ɗin ba. A Fitch, tambayoyi da yawa suna zuwa da fayil ɗinsu a shirye, mai ɗauke da abin da aka ba ki da abin da ake nema da dokokin da aka halatta. Ki buɗe wannan, ki adana shi da sabon suna, ki yi aiki a ciki. Wanda ya buɗe fanko ya kwafi tambayar da hannu yakan canza alama ɗaya bai sani ba, sai ya kafa hujja mai kyau a kan abin da ba a tambaye shi ba.

Fitch yana da wasu gajerun hanyoyi guda uku, Taut Con, FO Con da Ana Con, waɗanda ke tsallake matakai da yawa a lokaci ɗaya. Suna da daɗi, kuma saboda daɗin nan ne tambayoyi da yawa suka hana amfani da su, ko suka taƙaita inda za a yi. Kowane layi zai iya samun alamar daidai, amma hujjar ta faɗi saboda an bi hanyar da aka hana. Karanta umarnin tambayar har ƙarshe, kuma kafin ki tura ki sa Fitch ya duba hujjar dukanta tare da abin da ake nema, ba layi ɗaya-ɗaya kaɗai ba.

A Tarski's World, jimloli suna da lamba, kuma jimla ta biyar dole ta zauna a gurbi na biyar. Idan ta uku ta gagare ki, bar gurbinta fanko ki wuce. In kika matso da sauran sama, duk za su faɗa gurbin da ba nasu ba. Sannan akwai abin da ke ba sababbin ɗalibai haushi: ki mayar da jimlar Turanci zuwa alamomi, manhajar ta nuna miki gaskiya ce a duniyar da ke gabanki, amma Grade Grinder ya ce ba daidai ba. Ba na'urar ce ta lalace ba. Ɗauki misalin kubu, ɗaya daga cikin siffofin, mai kama da akwati. "Duk wani kubu ƙarami ne" daban take da "duk abin da ke nan kubu ne kuma ƙarami ne", amma a faifan da babu komai a kansa sai ƙananan kubu, duka biyun gaskiya ne. Na'urar ma'ana take dubawa, ba dacewar da aka yi a duniya ɗaya ba. Maganinsa ki gwada jimlarki a duniyoyi daban-daban, ki ƙara wata siffar, ki girmama ɗaya, ki ga ko har yanzu tana faɗin abin da Turancin yake faɗi. Wanda ya taɓa karanta manɗiƙi a zaure zai gane wannan bambancin da wuri, ko da yake a can da kalmomi ake yi, a nan da alamomi.

Ga sauran masu karatu da kwas ɗinsu yake amfani da littafin wani kamfani daban: ƙa'idar lamba ɗaya ga mutum ɗaya kusan ko'ina haka take, sai dai yawancin irin waɗancan lambobin suna da wa'adi, zango ɗaya ko shekara, kuma da dama suna ba da 'yan kwanakin gwaji kyauta a farkon zango, wanda ke ba mutum damar miƙa jingar farko kafin kuɗi su iso. Akwai kuma littattafan manɗiƙi na kyauta masu kyau a intanet, amma alamominsu da sunayen dokokinsu sukan bambanta da na littafin aji, don haka ƙarin karatu ne, ba sa maye gurbin wanda malami ya wajabta.

Idan za ki yi aiki a kwamfutar makaranta, kada ki bar fayilolinki a kanta. Wani ya ɗauka ya tura, sunanki zai fito a rahoton tare da nasa, kuma ke za ki sha wahalar bayani. Ki adana su a ma'ajiyarki ta intanet ko a filashi, babi-babi. Rahoton da Grade Grinder yake aiko miki bayan kowace turawa yana ɗauke da lokacin da aikin ya isa da jerin fayilolin da ya karɓa, ki buɗe masa wuri na musamman a imel ɗinki, kada ki goge ko ɗaya sai sakamakon zangon ya fito kin ga makinki daidai.